"Mi Kaka Saurare Kwanakkin Ga?": Sharhi Kan Kunnen Mutanen Wurno, Rabah da Goronyo

Ranar wata kasuwar Achida, bayan la'asar, na raɓa wata rumfar caji don wayata ta ɗan sha wuta kafin in kama hanyar Wurno. Rumfar ba ta fi taku huɗu ba. Katako guda ne aka jera wa soket, wayoyi birjik a kansa, kowace da 'yar takarda mai lamba manne a bayanta. Ƙaramin janareta yana ƙugi daga baya, a gefe kuma ga wata tsohuwar kwamfuta da aka yafa wa tsumma saboda ƙura. Yaron da ke zaune gabanta shi ne mai tura waƙa.

Ina nan zaune sai ga wani magidanci, laka ta bushe masa har ƙauri, hannunsa na ƙanshin tafarnuwa. Ya zura hannu aljihu ya fito da wata takarda da ya ninke sau huɗu, ya warware ta a hankali kamar mai buɗe laya. Memori ne a ciki, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ya miƙa wa yaron ya ce, "Cika man shi, ɗana. Hwara da Ɗan Anace, kana Narambaɗa. Ka sa ma maiɗakina bege. Abin da yar rage ka zuba ma ɗiya na zamani." Wani tsaransa da ke kan benci ya ɗago kai ya ce, "Malam, ashe kana nan da Ɗan Anace? To mi kaka saurare kwanakkin ga?" Daga wannan tambaya aka ɓalle da hira, mutum biyu suka zama shida, ba a watse ba sai da ladan ya kira magariba.

Tambayar ta yi kama da abin cika baki, irin wanda ake yi kafin shayi ya huce. Ni kuwa a ganina babbar tambaya ce, domin a wannan yanki ita ce ke riƙe da waƙa. Rediyo ya zo, kaset ya zo ya wuce, yau ga waya a hannun kowa, amma ba na'ura ke raya waƙa ba. Bakin masu sauraro ne ke raya ta: wanda ya ji ya ce wa ɗan'uwansa ji wannan, wanda ya gane ya warware wa wanda bai gane ba. Duk waƙar da aka daina hirarta ta mutu, ko da tana kwance a cikin wayoyi dubu.

Ƙasar da kunnenta ya sha waƙa

Kafin a tambayi abin da mutanen nan ke saurare yau, ya kamata a san irin ruwan da kunnensu ya sha tun asali.

Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta zauna a garin tare da mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Da waƙa ta karantar da matan karkara, cikin Hausa da Fulatanci, ban da abin da ta rubuta da Larabci. Jaji, wato shugabar tawagar mata, takan jagoranci 'yan taru, ɗalibanta, daga ƙauyensu su zo wurinta, su hardace waƙar da ke ɗauke da tauhidi ko tarihin Shehu ko hukuncin tsarki, su koma gida su rera wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Wato ɗaukar waƙa daga wurin wani a kai wa wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Wurno. Abin da jaji ke ɗauka a ƙirjinta, shi ne yau ake ɗauka a aljihu, sai dai ita jaji takan kai waƙar tare da ma'anarta.

Rabah kuwa ita ce mahaifar Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, kuma ya riƙe ƙasarta a matsayin hakimi daga 1934 kafin a naɗa shi Sardauna a 1938. Mutumin Rabah in ya ji "Mai Dubun Nasara" ta Musa Ɗanƙwairo Maradun, ba waƙar wani Firimiya na nesa yake ji ba, waƙar ɗan gida yake ji. A ƙasar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah aka haifi Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin maza, wanda ya yi wa manoma da 'yan dambe kiɗa, ya kuma sa sunan Shago da na Ɗandunawa suka zauna a bakin mutanen da ba su taɓa ganin ko ɗayansu a fage ba.

In ka bi hanyar Goronyo ka nufi Sabon Birni da Isa, ka shiga ƙasar Gobir. Can ne Ibrahim Narambaɗa Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu kiɗan kotso, ya bar wa Hausa "Bakandamiya". Can ne kuma Maidaji Sabon Birni ya wasa manoma. Ta yamma ga birnin Sakkwato, inda Salihu Jankiɗi ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na III kiɗan taushi. Ta kudu maso gabas ga Zamfara, ƙasar Sa'idu Faru da Kassu Zurmi. Ta arewa ga Nijar, inda muryar Mamman Gawo Filinge ta saba tsallako iyaka. Garuruwan nan uku suna zaune ne a tsakiyar fadamar waƙa, kamar yadda suke zaune a bakin gulbin Rima da na Sakkwato. Wanda ya tashi a irin wannan wuri, ba a yi masa burga da kiɗa.

Daga dandali zuwa memori

A da, in kana son jin makaɗi sai ka taka ka je inda yake. Mai son jin Narambaɗa sai ya jira salla ko naɗin sarauta. Mai son jin Ɗan Anace sai kaka ta yi, an kai amfani gida, an share fagen dambe. Waƙa abin biki ce, tana da lokacinta da wurinta, kuma ba a jin ta sai cikin jama'a. Wanda ya halarta shi ke komawa gari da ita a baki, ya yi ta ba da labari har wata shekara.

Garmaho ya fara kawo muryar makaɗi cikin gidajen masu hali. Amma wanda ya raba waƙa ga talaka shi ne rediyo. Gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, daga baya Rima Rediyo ta zo a Sakkwato, kuma shirin zaɓi sonka ya zama dandalin da ba ya da iyaka. Mutum zai sayi katin zaɓe ya rubuta sunansa da garinsu, ya jera abokai da 'yan'uwa, ya ce a gaishe su da waƙar wane. Da haka mutumin Goronyo ke sanar da abokinsa na Gusau ko Maraɗi abin da ke ransa a wannan mako. Har ƙungiyoyin masu sauraro aka kafa, mutanen da suka san sunayen juna shekara da shekaru kafin su haɗu ido da ido.

Sai kaset ya shigo, ya yi sarautarsa tun daga shekarun 1970 har ƙarshen ƙarnin. Alhaji ya dawo daga Makka da rikoda, ɗan cirani ya dawo daga Kurmi da tasa, ana saya mata batir kamar yadda ake saya wa fitila kananzir. Duk wanda ya rayu a zamanin ya san yadda ake zura biro a ramin kaset a mayar da zare baya don kada batir ya ƙare, ya kuma san baƙin cikin ranar da rikoda ta tauna kaset ɗin aro. Aron kaset kansa zumunci ne. Ba ka ba wa kowa kaset ɗin Shata da ka fi so sai wanda ka yarda da shi, kuma in ya dawo da shi dole a zauna a yi hirar abin da ya ji.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Cikin 'yan shekaru faifan sidi ya ture kaset, memori kuma ya ture su duka. Yau abin da rumfar mai kaset ke ɗauka gaba ɗaya yana shiga cikin abin da ba ya cika tafin jariri. Ana tura waƙa daga waya zuwa waya ta bulutut ko Xender ba tare da an kashe ko kwabo na data ba. Mai babbar waya yana da YouTube da Audiomack da TikTok, mai ƙarama kuma yana da 'yar rediyon nan mai cin memori da ake rataya wa a wuya ko a ƙahon babur, a tafi da ita gona.

Wane ne ke haɗa albam?

Makaɗan gargajiya ba su san albam ba. Ɗanƙwairo bai taɓa zama ya ce waƙoƙi goma zan jera in sa musu suna guda ba. Waƙa yake yi wa ubangidansa in sha'ani ya taso, kuma duk ranar da ya sake rera ta sai ya ƙara mata ɗiya ko ya rage, gwargwadon waɗanda ke zaune a wurin. Shi ya sa za ka ji masana waƙa na gardama a kan wane ɗauka ya fi daɗi, na rediyo ko na gidan wane. Masu sayar da kaset ne ke jera waƙoƙin yadda suka ga dama, su rubuta sunan makaɗi a bango.

Albam a matsayin aikin da mawaƙi ya tsara da kansa ya kafu ne tare da finafinan Hausa. Tun zamanin fim ɗin "Sangaya", kaset ɗin waƙoƙin fim ya zama haja mai zaman kanta, fiyano ya maye gurbin kalangu a sitidiyo. Daga nan mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Aminu Ala da Naziru M. Ahmad suka riƙa fitar da kundin waƙoƙinsu, matasa na jiran fitowarsa kamar yadda ake jiran sabon wata. Yanzu shi ma wannan tsari ya fara sassautawa. Waƙa guda ce ke fita ta mamaye gari. "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta yi haka a 2020 lokacin kullen korona, "Warr" ta Ado Gwanja ta yi haka a 2022. Wani lokaci ma ba waƙar ake sani ba, guntun da ke yawo a TikTok kaɗai ake sani.

Saboda haka albam na gaskiya a ƙasar nan shi ne memorin mutum, kuma mai sauraro ne ke haɗa shi. In ka buɗe memorin magidancin nan na Achida, ka karanta gidansa gaba ɗaya. Karatun Alƙur'ani da wa'azi ne a farko, don asuba. Waƙoƙin noma na nan don lokacin da rana ta take a fadama, ana cirar albasa ko ana ban ruwan shinkafa. Bege da Ishiriniya na uwargida, tana ji tana tankaɗe. Barmani Choge da kiɗan ƙwarya na ranar suna. Waƙoƙin soyayya na samari da 'yan mata. In kakar zaɓe ta zo, Rarara da takwarorinsa su cika sauran gurbin, in ta wuce a goge. Direban da ke ɗaukar albasa zuwa Kudu yana da nasa jerin, dogayen waƙoƙin Shata da Ɗan Maraya Jos da Sani Sabulu, masu hana barci a doguwar hanya. Wanda ya tambaye ka abin da kake saurare, halin da kake ciki yake tambaya: ko kana cikin nishaɗi, ko kewa, ko neman aure, ko tunanin lahira.

Yadda ake auna waƙa

Abin da ya fi burge ni a hirar masu son waƙa na yankin nan shi ne ba sa tsayawa a kan "ta yi daɗi". Suna da ma'auni. Za ka ji an ce wane ya fi wane azanci. Wane gindin waƙarsa ya zauna, wane kuma 'yan amshinsa ne ke ɗauke da shi. Wane ya san nasaba, yana jero kakannin sarki ba tuntuɓe. Wane in ya yi zambo sai ka ga mutumin tsaye a gabanka da rawaninsa a karkace. Waɗannan manoma da 'yan kasuwa ba su karanta littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan makaɗa da mawaƙan Hausa ba, ba su ga littafin Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kan Narambaɗa ba, amma daga bakin irinsu malaman suka ɗebo abin da suka rubuta.

Na taɓa zama a wata majalisa a ƙasar Rabah, gindin wata bedi, ana jin wata waƙar fada. Wani dattijo da ke kishingiɗe kan buzu ya ɗaga hannu ya ce wa jikansa, "Tsaya, maido ta baya." Yaron ya mayar. Ya ce, "Ka ji abin da yac ce? Wanga wuri ba yabo ba na, zambo na. Da wani ɗan sarki shika, wanda yan nemi sarautag ga bai samu ba." Sai ya shiga ba da labarin yadda aka yi takarar, da dalilin da ya sa makaɗin ya kamanta mutumin da wata dabba ba wata ba. Daga nan ya koma kan kalmomi: mene ne lifidi, mece ce jalala, me ya raba kalme da galma. Waƙar da ba ta fi minti goma ba ta ci mana sa'a guda. Yaron da ya fara sauraro yana ƙosawa, shi ne daga baya ke cewa, "Baba, to wanga hwa, wa shika nuhi?" A wannan zama na ga makaranta sukutum, ba allo ba alli.

Matasa ma suna da nasu ma'aunin, kuma bai kamata a raina shi ba. Suna duba murya, da tsabtar sauti, da yadda kalma ke hawa kan kiɗa, da ko mawaƙin ya faɗi abin da ke cin zuciyar saurayin da ba shi da kuɗin lefe. Dattawa kan ce waƙar zamani ba ta da Hausa, kiɗan na'ura ne kawai da kwaikwayon Indiya. Akwai gaskiya a ciki, domin da yawa ana yin su ne yau a manta gobe. Amma wanda ya saurari Aminu Ala da kunnen basira ya san ma'aunin rubutacciyar waƙa na nan a bakinsa, wanda ya bi baitocin Nura M. Inuwa zai tarar da karin magana da hikima, Naziru kuma ya ɗauko salon fada ya sa masa sabuwar riga. Su ma na da ba duka ne zinariya ba. Akwai roƙo tsagwaronsa, akwai batsa, akwai cin mutuncin bayin Allah. Waɗanda muke ji yau su ne waɗanda masu sauraro suka tace suka ajiye. Rairayar da ta tace na jiya ita za ta tace na yau, in dai ba a daina zaman tacewar ba.

Ta fuskar addini kuwa, maganar kiɗa tsohuwa ce a ƙasar Shehu. Shugabannin jihadi sun soki kaɗe-kaɗen banza na fadodin da suka tarar, sun kuma yi rubutu a kan abin da ya halatta da wanda bai halatta ba, amma su da kansu da waƙa suka isar da saƙonsu ga jama'a. Har yau akwai gidan da ba a kunna komai sai karatu da wa'azi, akwai wanda ke jin bege da mandiri ya ƙi fiyano, akwai mai jin duka. Kowa da malaminsa, kuma majalisa guda na ɗaukarsu. Abin da duk suka haɗu a kai shi ne magana tana da nauyi, kuma abin da kunne ya saba ji shi zuciya ke komawa.

Abubuwan da ke damuna

Na farko, sunaye na ɓacewa. Waƙar da ke cikin memori an kwafo ta ne daga sidi, shi kuma daga kaset, shi kuma daga wani kaset da aka naɗa a bakin rediyo. A hanya an yanke mata kai ko wutsiya, an sa mata sunan da ba nata ba. Za ka ga waƙar Sa'idu Faru an rubuta Ɗanƙwairo, ko a tara makaɗa biyar a rubuta "gargajiya" kawai. Wanda aka yi wa waƙar, da garin, da shekarar, duk sun zube. Dattawan da za su iya gyara wannan kuskure da jin amo guda suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu, mai waƙa ba ya cin guminsa. Kuɗin da aka ba mai tura waƙa na wahalarsa ne da man janaretansa, kuma ban ga laifin yaron da ke neman halalinsa ba. Amma ko sisi ba ya isa ga wanda ya yi waƙar, balle iyalan waɗanda suka rasu. Nijeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, sai dai tsakanin takarda da rumfar kasuwa akwai tafiya. Mawaƙin da jama'a ba sa biyansa dole ya nemi mai biya, mai biyan kuwa ɗan siyasa ne ko attajiri. Daga nan waƙar manomi da ta masunci da ta mai sana'a ke raguwa, ta yabon masu mulki ke ƙaruwa. In muna kukan waƙa ta zama ta kuɗi, mu tuna mu ne muka saba karɓarta kyauta.

Na uku shi ne mafi ciwo. Dandalin da ke haifar da makaɗi yana rufewa. Tun harin da aka kai Tabanni ta ƙasar Rabah a watan Yulin 2018, wanda ya kwararo da jama'a gudun hijira zuwa Gandi, yankin bai koma daidai ba. A watan Oktoban 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. A ƙauyuka da yawa wasan dare ya zama tarihi, gayya ta ja baya, biki kuma a gaggauce ake yin sa a watse kafin duhu. Makaɗi ba a ɗaki yake koyon sana'arsa ba. A fage yake koyo, yana ɗaukar wa ubangidansa ganga, yana amshi, yana kallon abin da ke motsa jama'a. In babu fage, ina wani Ɗan Anace zai fito? A watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Rabah da Goronyo, waya ta koma fitila da rediyo kawai. A wancan lokaci abin da ke cikin memori ne ya ɗebe wa mutane kewa. Muryoyin mutanen da suka daɗe a ƙasa su suka taya masu rai zaman dare, suna tuna musu cewa ƙasar nan ta taɓa zama lafiya har ana kwana a fagen dambe.

Na huɗu yana da alaƙa da na uku. An ji waƙar da ke wasa ƙasurgumin ɗan bindiga ta bi wayoyi tana yawo. Wasu na kare ta da cewa ai Gambo ma ya yi wa ɓarayi waƙa. Amma shi kansa Gambo ya bar waƙar ɓarayi kafin rasuwarsa, kuma Bahaushe ya san abin da zuga ke yi wa namiji. Kiɗan da ke sa manomi ya kai ƙarshen kunya bai miƙe ba, shi ne ke ƙara wa azzalumi ƙarfin hali. Duk wanda ya tura irin wannan waƙa ga wani ya zama ɗan amshinta. A nan mai sauraro yana da iko cikakke: ya ƙi karɓa, ya ƙi turawa, ya goge.

Na biyar ƙaramin abu ne a ido, amma shi ne tushen maganata. Abin sawa a kunne ya shigo. Yaro na zaune a tsakar gida tare da iyayensa, kunnuwansa a toshe, ba wanda ya san abin da yake ji, shi ma bai san abin da suke ji ba. A da, rikoda guda ce a gida, dole kowa ya ji zaɓin kowa, ko yana so ko ba ya so, kuma ta haka ɗa ke gadon kunnen ubansa, uba kuma ke sanin inda zuciyar ɗansa ta dosa. In kowa ya shige cikin wayarsa shi kaɗai, waƙoƙi za su yi yawa, masu fahimtarsu su yi kaɗan.

Abin da ke hannunmu

Maganar tsaro tana wuyan hukuma, kuma ba za mu gaji da faɗa ba. Amma akwai abin da ba sai an jira kowa ba. Mai tura waƙa zai iya zama da dattijo guda na yini ɗaya su gyara sunayen da ke cikin kwamfutarsa: wane makaɗi, wa aka yi wa, a wane gari. Wannan gyara zai bi kowane memori da ya fita daga rumfarsa. Matashin da ke da babbar waya zai iya naɗar bayanin kakansa a kan waƙa guda, ya ajiye shi kusa da waƙar, ya tura su tare. Malamin Hausa a makarantar sakandare ta Wurno ko Goronyo zai iya sa ɗalibai su kawo waƙar da ake ji a gidansu, tsohuwa ko sabuwa, a warware ta a aji. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gidan adana tarihi na Waziri Junaidu suna kusa, kuma tsofaffin kaset da ke cikin adakar mutane sun cancanci a kai su inda za a juye su kafin zarensu ya ruɓe. Wanda ke da hali kuma, in mawaƙi ya faranta masa, ya nemi hanyar da kuɗinsa zai isa gare shi, ya kuma tuna da iyalan makaɗan da suka riga mu.

Sama da duka, a ci gaba da tambayar. Uba ya tambayi ɗansa abin da yake ji, ya zauna ya ji tare da shi kafin ya yanke hukunci. Ɗa ya tambayi uwarsa waƙar da take yi in tana daka, da wadda aka yi mata ranar da aka kai ta ɗaki. Aboki ya tambayi aboki.

Da yaron rumfar nan ya gama, magidancin ya karɓi memorinsa ya sa a 'yar rediyonsa don ya gwada. Kalangu ya tashi, waɗanda ke kan benci suka yi tsit, wani ya gyaɗa kai ya ambaci sunan Shago. Mutumin ya kashe, ya biya, ya ɗaure buhunsa a bayan babur. Na san yadda daren gidansa zai kasance. Rediyon guda ce, za a ajiye ta a tsakar gida bayan isha'i. Za ta fara da zaɓinsa, ta gangara kan na maiɗakinsa, ta ƙare da na yara, kowa na jin na kowa. Wataƙila in an zo kan Ɗan Anace wani yaro ya tambayi wane ne Shago, uban kuma ya ce a maido ta baya. Muddin ana samun gidan da ake yin haka tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, makaɗan ƙasar nan ba su yi shiru ba.